Yadda Na Zama Dakta Karas

Shekaru sun fara kwashe mini abubuwa daga kai, wani lokacin har lambar wayata sai na tambayi matata Hajiya, amma ba zan taɓa mantawa da ranar walimar 'yata Ummi ba. Ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Har gobe in na shiga kasuwa sai wani ya miƙo mini hannu ya ce in duba masa jini.

Ni dilan kayan gwari ne. Tumatir, attaruhu, albasa, karas, duk abin da gonakin rani na Kura da Bunkure suka fitar, ina saye in loda mota ta yi Kudu. Da kwando ɗaya a bayan keke na fara, boko kuwa a aji huɗu na firamare muka yi sallama, ba tare da ɗayanmu ya yi kewar ɗaya ba. Abin da ya tsayar da ni a sana'ar nan abu guda ne. Manomi in zai cika kwando, manya-manya jajaye yake jerawa a sama, mu muna kiran wannan fuska. A wurinsa ba ha'inci ba ne, kwalliya ce. Sabon dila yakan ga fuska ya biya, sai kaya sun isa Legas a tarar ƙasan duk ruɓaɓɓe ne da ɗanye. Ni kuwa ko kawuna ne ya kawo kaya, magana ɗaya nake yi: "Zazzage mu gani." Har sunana ya ɓace, aka koma ce mini Alhaji Zazzage. Ku riƙe wannan, don shi ne ya sa kunyar ta yi nauyi.

Ummi ita ce babbar 'yata (sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ba na faɗin sunan). A lokacin tana digiri na biyu a jami'a a birni, a wani fanni na sinadaran jikin ɗan Adam da har yau harshena ya ƙi ɗaukar sunansa. Wata Asabar da hantsi sai ga ta a rumfata.

"Baba, karas nake so da tumatir, waɗanda suka fi kowanne launi."

"Miya ake koya muku yanzu a jami'ar, ko biki ya taso ba a gaya mini ba?"

"Kai Baba! Aikin bincikena ne."

Na jawo mata benci na ce ta yi mini bayani da Hausar da ake sayar da albasa da ita. Ta ce launin nan da ke jikin karas da jan da ke jikin tumatir, sinadarai ne masu zaman kansu. Na karas ma in ya shiga ciki, jiki yana juya shi ya zama bitamin A. Shi kuma bitamin A yana da 'yan uwa, dangi guda, waɗansu a ɗakin gwaji ake haɗa su. Ta ce a ɗakin gwajinsu akwai ƙwayoyin halitta da aka samo daga ƙarin da ke fitowa a ƙwaƙwalwar mutum, irin na ciwon daji. Suna kiwonsu a cikin 'yan farantai masu murfi, suna ba su abinci, su kuma suna ta hayayyafa ba tsayawa, kamar ciyawar bakin kanal. Aikinta shi ne ta ɗiga musu waɗannan sinadarai ta ga abin da zai faru.

Ta ciro waya ta nuna mini hotuna biyu na gwajin farko da ta yi. A na farko farantin ya cika maƙil, ba masaka tsinke. A na biyu, wanda aka ɗiga wa maganin, ƙwayoyin sun yi tsilla-tsilla kamar kasuwa ranar da ba ta ci.

"Ka gani, sun rage hayayyafa," in ji ta. "Waɗansu ma kamar sun yi hankali, sun daina rabuwa. Amma Baba, ka gane..."

Daidai nan wayata ta yi ƙara. Direba ne, taya ta fashe masa gaba da Zariya, mota cike da tumatir, ga rana. Na miƙe ina masifa a waya, na yi wa Ummi alama da hannu ta ɗebi duk abin da take so, na hau babur. Wato na ga fuskar kwando, ƙasan yana cikin "amma" ɗin nan, ni kuwa na tafi na bar shi a kan benci.

Yanzu bari in gaya muku wane ne Malam Haladu. Manomi ne, abokina tun muna yara, kuma kwandon farko da na ɗora a keke daga gonarsa ya fito. Gonarsa tana can ƙarshen kanal, inda ruwa ba ya isowa sai kowa ya sha ya ƙoshi. Mutum ne mai haƙuri, bai iya musu ba, in ka ce masa yau Talata alhali Laraba ce, sai ya ce wataƙila shi ya ɓata lissafi. A shekarar nan ciwon kai ya sa shi gaba, ya sha na kemis ya sha na gargajiya, har wata rana ya faɗi a gona yana karkarwa. Aka kai shi babban asibiti a birni, aka ɗauki hoton kai, aka ce ƙari ne a ƙwaƙwalwa, sai an yi aiki. Suka rubuta masa ranar da zai dawo a kwantar da shi, sati uku masu zuwa.

Na je duba shi na same shi a zaure ya zabga tagumi.

"Alhaji," ya ce, "ni da ko allura ba na so, a ce za a fafe mini kai kamar duma?"

A nan ne shaiɗan, ko in ce hankalina na ɗan kasuwa (har yanzu ban tantance wanne ba ne), ya raɗa mini lissafi. In ɗigo ɗaya ya hana ƙwayoyin nan sakat a faranti, to ina ga jarka guda? Ga karas a gabanmu kamar ƙasa. Ga 'yata ta gano sirrin. Ga abokina yana tsoron wuƙa. Wallahi sai na ji kamar an haɗa mini ciniki daga sama.

"Malam Haladu, ba wanda zai taɓa maka kai," na ce. "Ka ba ni kwana arba'in."

Na ba shi labarin farantai biyu, na ƙara gishiri kaɗan yadda ake ƙarawa in ana tallan kaya. A bakina, na biyun ya koma wayam, ko ƙwaya ɗaya babu. Matarsa Inna Kande tana daga bayan ƙofa tana ji, ta ce, "To Alhaji, takardar asibitin fa? Sun ce kada a wuce ranar."

"Inna Kande, su likitocin nan littafin da suka karanta tsoho ne. Na Ummi bana ake rubuta shi."

Ta koma cikin gida. Shi kuwa Malam Haladu har fuskarsa ta washe. Mutum in yana jin tsoro, ka kawo masa hanyar da ba wuƙa, ba ya tambayar inda ta bi.

Daga ranar na zama asibiti. Kullum da safe buhun karas yana ƙofar gidansa, kyauta (waɗanda suka san ni za su gane cewa wannan kaɗai alama ce ta ba lafiya ba). A kai inji a markaɗa, a tace, ya sha kofi uku da safe, uku da rana, uku da yamma. Da na tuna ta ambaci bitamin A, sai na ga me zai sa mu tsaya jiran jiki ya juya karas, alhali ana sayar da abin a shirye? Na shiga birni na sami wani kemis na ce a ba ni kafson bitamin A mafi ƙarfi. Mai kemis ya ce na wa ne, likita ne ya rubuta? Na ce masa shi dai ya ƙirgo, wanda ya aiko ni ya fi likita. Na kawo wa Malam Haladu na ce ya riƙa haɗiya sau uku a rana, in kan ya matsa ya ƙara.

Za ku ce me ya sa ban kira Ummi na tambaye ta ba. Na gaya wa kaina wai tana can tana fama da rubutu, kada in dame ta, kuma ina so in ba ta mamaki ranar walima. Wannan gaskiya ne, amma fuskar kwando ce. A ƙasan akwai wani abu: na riga na bi gonaki huɗu na saye karas ɗinsu tun yana cikin ƙasa, don na san ranar da labarin nan ya fita, karas zai fi zinare. Ban so maganar ta zaga kafin in gama shiri. Na ja wa Malam Haladu kunne kada ya gaya wa kowa, har Ummi. Ranar asibiti ta zo ta wuce, muna zaune a zaurensa muna kurɓar ruwan karas.

Na ce muna, don ni ma na shiga layi. Na ga tunda abin yana kashe ƙari, ai wanda ya sha tun ƙarin bai fito ba ya fi kowa wayo. Jarka nake cikawa in tafi da ita kasuwa. Bayan sati uku Hajiya ta kama hannuna a wajen cin abinci ta juya shi.

"Alhaji, mene ne wannan? Tafin hannunka ya koma ruwan ɗorawa. Ko shawara ce?"

"Lafiya ce take fitowa fili," na ce.

Sale kuwa, taubashina, wanda shi ma dila ne kuma Allah bai halicci bakin da ya kai nasa ba, da ya gani sai ya tara mutane. "Jama'a ku zo ku ga amarya ta sha lalle! Alhaji, wa ya biya sadakin?" Na yi murmushi irin na wanda ya san abin da wasu ba su sani ba. A raina na ce, yi dariyarka, ranar da za ka zo neman karas a hannuna sai ka durƙusa.

Hannun Malam Haladu ma ya rine, har da tafin ƙafa. Shi na ce masa cutar ce take fita ta fata. (Yadda abu ɗaya ya zama lafiya a hannuna, ya zama cuta a nasa, ban tsaya na tambayi kaina ba.) Ya ce mini kan fa ya ƙara nauyi, yana tashi da amai da safe, ido yana yi masa hazo-hazo, ƙafar hagu kuma kamar ba tasa ba. Na ce ai haka magani mai ƙarfi yake, kokawa ake yi a ciki, ya ƙara kafso.

Ummi ta gama, ta ci jarrabawar kare bincikenta, na ce sai an yi walimar da ba a taɓa yi ba a garin. Ranar Asabar bayan la'asar aka kafa rumfuna a ƙofar gida, kujerun roba, lasifika, maza gefe mata gefe. Malamai suka zo, 'yan kasuwa suka zo, manoma daga Bunkure har Madobi. Malamar da ta duba aikin Ummi, Dakta Asabe, ita ma ta zo daga birni, wata mata mai gilashi da ba ta da yawan magana, aka ba ta kujerar gaba a wajen mata. Na sa babbar riga sabuwa fil. Malam Haladu na sa aka ɗauko shi a mota aka zaunar da shi kusa da ni.

Liman ya yi addu'a, aka yi wa Ummi nasiha, sai mai gabatarwa ya ce uban yarinya zai yi godiya a taƙaice. Na karɓi makirufo. Ban taƙaita ba.

"Jama'a," na ce, "yau ba walimar takarda kawai muke yi ba. Abin da ya gagari Turawa da Indiyawa, yarinyar nan da kuke gani ta gano shi. Maganin ciwon dajin ƙwaƙwalwa! Kuma ba a waje yake ba, yana nan a gonakinku, kuna ba awaki ganyensa. Karas ne, jama'a!"

Wuri ya ɗauki kabbara. Na hango Ummi ta ɗago kai da sauri, ta buɗe baki. Na ɗauka murna ce.

"Kuma ba da baki kawai nake faɗa ba, kun san ni, ba na sayar da kaya sai an gani. Malam Haladu, taso."

Ya taso da ƙyar, yana jan ƙafar hagu, yana ƙanƙance ido. Na riƙe shi na ce wannan bawan Allah likitoci sun ce sai an fasa masa kai, ni na hana, yau kwanansa talatin da takwas a kan karas da bitamin A, ranar aikin ta wuce ga shi a tsaye. Na ɗaga tafin hannunsa sama na juya shi gabas da yamma.

"Ku duba! Kun ga rawayar nan? Cutar ce take fita!"

Sai muryar Sale daga can baya: "Alhaji, ɗaga naka hannun mu gani!"

Na manta ɗaya hannun nawa yana sama riƙe da nasa, rawaya sosai, har ya fi nasa kyau.

"La ilaha illallahu!" in ji Sale. "Ashe kai ma ƙarin ne da kai! Shi ya sa farashinka ba ya kan hanya!"

Dariya ta ɓarke, har da malamai suna rufe baki da rawani. Da a nan abin ya tsaya, da na ce na sha da sauƙi. Ina ƙoƙarin cusa hannu cikin riga sai na ga Dakta Asabe ta miƙe. Ita ba ta dariya. Ta aiko a karɓar mata makirufo, ta yi sallama, ta nemi afuwar malamai, sannan ta juya wajen Malam Haladu.

"Baba, yaushe aka ce ka koma asibiti?"

Ya faɗa mata. Ta yi lissafi da yatsu, fuskarta ta sauya.

"Ban da karas, akwai abin da kake sha?"

Ya laluba aljihu ya ciro kwalbar kafso. Aka miƙa mata, ta karanta, ta tambaye shi nawa yake haɗiya a rana. Da ya faɗa sai ta ce, "Inna lillahi." A makirufo ta faɗa, kowa ya ji. Dariyar ta ɗauke kamar an kashe janareta.

"Alhaji, ka yi haƙuri," ta ce, "ba na so in yi magana a gaban baƙinka, amma tunda a gabansu aka faɗa, dole a gabansu a gyara, kada wani ya koma gida ya gwada. Ummi ba ta gano maganin ciwon daji ba. Ta yi aiki mai kyau, amma a faranti ta yi shi. A faranti, ko sabulun wanki ka zuba wa ƙwayoyin nan za su mutu. Za ka ba Baba sabulu ya sha?"

Sale, wanda ko a jana'iza ba ya iya riƙe bakinsa, ya ce a hankali amma yadda kowa zai ji, "Zazzage mu gani, Dakta."

Ta kuwa zazzage. Ta ce ƙwayoyi iri uku Ummi ta gwada, iri biyu sun rage hayayyafa, na ukun ko gezau bai yi ba. Ta ce ƙarin ƙwaƙwalwa ba iri ɗaya ba ne, yadda tumatir ba iri ɗaya ba ne, kuma ba wanda ya ce irin na Malam Haladu ne a farantin. Ta ce abin da aka ɗiga tatacce ne, an auna shi, an zuba shi kai tsaye a kan ƙwayoyin. Dangin bitamin A ɗin nan an daɗe ana bincike a kansu a duniya, suna ba da sha'awa a ɗakin gwaji, amma a jikin mutum abin bai zo da sauƙi haka ba, shi ya sa har yanzu ake binciken. Rawayar hannu kuwa launin karas ne kawai ya taru a fata, in aka daina sha zai wuce, ba cuta ba ce take fita, ba kuma lafiya ba ce take shiga.

Sai Ummi ta taso. Idonta ya yi ja, ba ta ko kalle ni ba. Ta durƙusa gaban Malam Haladu.

"Baba Haladu, in aka saki ruwa a babban kanal, yana isa gonarka?"

"Ina fa, 'yar nan. Sai an buɗe ƙofa, kuma sai na gaba sun bari."

"To haka ƙwaƙwalwa take. Allah ya yi mata shinge, ba duk abin da ke yawo a jini ne yake shiga ba. Abin da ka sha sai ya bi ciki, ya bi hanta, an rage nan an canza can. Ba mu ma san nawa ne yake isa ba. Wannan ne na so in gaya wa Baba ran nan, waya ta katse mu."

Dakta ta ɗaga kwalbar ta ce karas abinci ne, bai yi laifin komai ba, amma wannan kafson in ya yi yawa yana taruwa a jiki, yana wahalar da hanta, kuma yana iya ƙara matsin ruwan da ke cikin kai. Ga mutumin da dama akwai abin da ya tokare masa kai. Ta ce ita ba likitar asibiti ba ce, amma kada a ƙara ba shi ko ɗaya, kuma kada gobe ta yi yana garin nan.

Ina tsaye a tsakiyar fili cikin sabuwar babbar riga. Na duba ƙasa ko za ta yi mini alfarma ta tsage, ta ƙi. Liman ne ya tambayi Malam Haladu, cikin faɗa-faɗa, me ya sa zai bar maganar likita ya bi ta mai tumatir. Da ma ya zage ni. Sai ya ce, da muryarsa ta haƙuri:

"Allah gafarta Malam, shekara arba'in ban taɓa ganin Alhaji ya ɗauki kwando bai zazzage ba. Na ɗauka wannan ma ya zazzage."

Na sha zagi a kasuwa, an taɓa kama mini riga a tasha, direba ya taɓa kirana ɓarawo a gaban surukina. Ba wanda ya taɓa shiga jikina kamar wannan yabon.

Ko shinkafar ban tsaya an raba ba. Na tuɓe babbar rigar na jefa wa Hajiya, muka sa Malam Haladu a mota, ni da Ummi da Inna Kande, muka kama hanyar birni tun rana ba ta faɗi ba. A hanya Inna Kande ta ce, tana kallon taga, "Ashe littafin likitocin bai tsufa ba." Likitan da ya karɓe mu yaro ne, bai fi sa'an Ummi ba. Ya duba takarda, ya duba kwalba, ya tambayi wanda ya rubuta maganin. Na ɗaga hannu. Ya kalli hannun, ya kalle ni, ya ce, "Baba, kai ma ka rage." Sauran abin da ya faɗa ba zan maimaita ba, amma duk na cancanta.

Aka kwantar da shi, aka sake ɗaukar hoto, ƙarin ya ƙara girma. Sai da aka jira matsin kan ya sauka, aka duba hanta, sannan aka sa sabuwar rana. Ranar aikin na yini a kan benci a baranda, wayata a kashe, karo na farko tun da na mallaki waya. Motoci biyu suna hanya ban san inda suke ba, ban kuma damu ba. Da likita ya fito ya ce an ciro shi, kuma Allah ya taimaka ba irin mai saurin yaɗuwa ba ne, sai na yi ta hamdala.

Malam Haladu yana nan da ransa, ya koma gona, ciwon kai ya tafi. Amma ƙafar hagu har yau yana ɗan ja. Na tambayi likita ko jinkirin da na jawo ne ya bar masa wannan. Ya ce ba zai iya cewa e ba, ba zai iya cewa a'a ba. Na so ya ce a'a. Duk ranar da na hango shi a kan kunyar gona yana tafe yana jan ƙafar nan, sai in sake jin amsar likitan. Na nemi gafararsa a gaban iyalinsa, ya ce ai don ƙauna na yi, ya yafe. Sharaɗi ɗaya ya kafa mini: ko a cikin shinkafar biki ya ga karas, tsince shi yake yi, kada in ƙara kawo masa ko da na ado ne.

Gonakin karas huɗu kuwa suka nuna lokaci guda, kasuwa ta cika, na sayar yadda aka taya. Sale ne ya sayi rabi, yana loda wa mota yana tambayata ko in rubuta masa yadda za a sha. Hannuna ya ɗauki sama da wata kafin ya koma kalarsa. Sunan bai koma ba. Alhaji Zazzage ya rasu a walimar nan, aka naɗa Dakta Karas, kuma har jikokina sun ji.

Ummi ta yi sati biyu tana gaishe ni a taƙaice, daga baya ta huce. Yanzu tana digiri na uku, tana nan dai da farantanta. Kwanaki ta zo rumfa ta ce tana son ganyen zogale da jan tattasai, akwai wani sabon abu da suka gani a gwaji, mai ban sha'awa ƙwarai. Na ga Sale ya matso da kujerarsa. Na ciro waya na kashe ta a gabanta, na sa a aljihu, na jawo benci.

"Zauna, Ummi," na ce. "Mai ban sha'awar ki ajiye shi tukuna. Fara mini daga amma."